Yunusa, Kala'azar da Mai Hannun Tagulla

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ciwo ya saukar da maganinsa. Sunana Kulu. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, don har yau ban iya rubutu ba. Na ce mata kada ta sassauta mini ko kalma guda. Ina so matan hillarmu da na sauran ƙauyukan bakin kogi su ji abin da ya sami ɗana Yunusa, su san lokacin da ya kamata uwa ta daina sauraron dangi ta nemi mota.

A farkon shekarun saba'in ne. Mijina ya rasu ya bar ni da Yunusa da ƙannensa mata biyu, muna zaune a gidan yayansa, Malam Jibo, a wata hilla kudu da Mai Wurno. Ni ina soya gyaɗa ina kirɓa dakuwa ina sayarwa. Yunusa yana da kamar shekara goma sha huɗu, yana makarantar gwamnati, kuma duk takardar da ya tsinta a ƙasa, ko wadda aka ƙunsa sukari ce, sai ya karanta ta kafin ya yar. Da aka yi hutu Malam Jibo ya tafi da shi yankan riɗi can gonakin kudu, inda ake kwana a ƙasa ƙarƙashin aduwa. Ban so ba, amma ba a tambaye ni ba.

Sun dawo da kamar wata guda masassara ta kama shi. Makon farko na ɗauka irin wadda kowa ke yi ce bayan damina. Na kai shi shafahana, ɗan ɗakin maganin da ke kusa da mu, aka ba shi kinin. Ya shanye, jikin bai sauka ba. A mako na biyu na lura tana zuwa masa da hantsi, ta sake shi, ta dawo da la'asar. Abin da ya ruɗe ni shi ne yana cin abinci. Yana cinye kisira, wato siririyar wainar dawa, da miya ya nemi ƙari, amma kullum wuyansa ƙara tsawo yake, wandonsa na zamewa. Ki riƙe wannan, ke mai ji: yaro yana ci yana ramewa, masassara ta wuce mako biyu, kada ki zauna.

Mako na uku cikinsa ya fara tasowa ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. In na danna sai in ji abu mai tauri kamar ɓawon ƙwarya. Fatarsa ta dushe, ta yi duhu kamar an shafa masa toka. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Malam Jibo.

"Yaya, ina so a kai yaron nan asibiti."

"Asibiti," in ji shi. "Ƙanina da ƙafarsa ya shiga asibiti, a kan angarib, gadon igiya, aka dawo mini da shi. Kin manta? Saifa ce ta kumbura. Tun kakanninmu ake yi mata lalas da ƙarfe mai zafi ta koma."

Ban manta ba. Na san yana son ƙaninsa, na san yana son Yunusa. Amma mijina an kai shi ne bayan ya daina gane mutane, kuma Malam Jibo ɗin ne ya jinkirta kai shi. Ban faɗa ba. A lokacin ban saba faɗa ba.

Daga nan kowa ya zama likita. Wata ta ce saɓara da tsamiya. Wata ta ce shawara ce, a hana shi mai da gishiri. Wata ta ce baki ne, don an ga yana yawan karatu. Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi har yana tari. Wata tsohuwa ta raɗa mini sunan maƙwabciyar da take zargi da maita, matar da ke aiko mana da nono kullum. Duk wadda ta kawo shawara sai ta zauna ta sha shayi ta jira a gode mata.

A mako na huɗu aka kira wanzami. Da safe ne, rana ta fito sosai. Ya hura gawayi a tsakar gida ya sa ƙarfe a ciki har ya yi ja. Maza biyu suka danne Yunusa a kan tabarma, Malam Jibo ya riƙe kansa yana karanta masa addu'a. Ni mata suka tare ni a ɗaki, matar Malam Jibo tana cewa, "Ki yi haƙuri, Kulu, don lafiyarsa ne." Ban gani ba. Na ji muryarsa, na ji ƙaurin. Da suka sake ni na fito na tarar da layuka na ƙuna a jere a kan cikin da ya riga ya kumbura, shi kuma ya daina kuka, yana kallon sama kawai.

Saifa ba ta koma ba. Wuraren ƙunar suka yi ruwa, suka fara wari, ƙuda na bin su. Kwana kaɗan ya fara haɓo, jini na zuba daga hancinsa ba tsayawa. Ranar ban durƙusa wa kowa ba. Na ja akuyata na kai wa mahauci, na cire 'yan kunnen aurena na kai wa mai kanti, na bar 'yan matan wurin ƙanwata. Na goya yaro ɗan shekara goma sha huɗu a bayana kamar jinjiri, kuma bai yi mini nauyi ba. Malam Jibo yana zaune a zaure ya ce, "In kin fita da shi ba da yawuna ba." Na wuce.

Lori ya kai mu Sinnar, daga can muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin da babban asibitin yake. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda suka yi mini alheri a cikinsa. Amma zan faɗi abin da aka yi mini a ƙofa. Tun da sassafe nake kan layi, Yunusa yana kwance a ƙasa kansa a kan ƙafata. Tamarjin da ke raba takarda, wato ma'aikacin jinya, ya ji ina yi wa yaron magana da Hausa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Fallata, ku koma baya." Haka suke kiran mu masu jin Hausa, wai baƙi ne mu. A bakin kogin nan aka haife ni, aka haifi uwata. Audugar rigar da ke jikinsa ƙila hannuna ne ya tsinke ta. Masu farar jallabiya suka yi ta zuwa suna wucewa, har aka ce an tashi, "bukra," gobe. Gobe ma haka aka so yi. Sai na ɗage rigar Yunusa a gaban kowa na nuna ƙunar, na ce da Larabci ba zan rufe ba sai hakim, wato likita, ya gani. Mutanen layin ne suka fara yi wa tamarjin surutu, ya shigar da mu yana tsaki.

Likitan matashi ne, siriri, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya dubi cikin, sannan ya juyo gare ni.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Baffansa ne ya sa."

"Ya je gonakin kudu?"

Na ce ya je. Ya sa allura ya ɗebi ruwa daga kaluluwar matsematsinsa. Washegari ya kira ni ya faɗi kalmar da ban taɓa ji ba kuma ban sake mantawa ba: kala'azar. Ya ce wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro ba, yana cizo a wuraren aduwa da ƙasa mai tsagewa. Ya ce akwai magani, allura kowace rana kusan wata guda, amma jinin yaron ya ƙare, ga ƙuna ta ruɓe, bai yi mini alkawari ba. Ya ƙara da cewa, "Da kin zo tun cikin bai tashi ba, da abin ya yi sauƙi." Na so in ce masa ba ni na hana ba. Amma me zai yi da wannan?

Aka kwantar da shi a ambar, babban ɗakin majinyata maza. Mu masu jinya muna waje ƙarƙashin bishiyoyin nim, wato darbejiya, kowacce da murhunta na duwatsu. Wata mata daga duwatsun kudu, wadda ba ta jin Hausa ni ba na jin yarenta, ita ta matsa mini wuri ta ara mini tukunya. Allah ya saka mata duk inda take.

Makon farko na allurar ya fi duk abin da ya wuce muni. Allurar tana ƙuna, tana sa masa ciwon gaɓɓai da amai. Yunusa ya juya fuskarsa bango. Abincin da da yake ci ya daina. In na kai masa kunu sai ya ce, "Inna, ki bari." Bai yi mini maganar wanzami ba ko sau ɗaya, amma duk wanda ya nufo gadonsa da ƙarfe a hannu, ko almakashin wanke ciwo ne, sai jikinsa ya kama rawa. Likita ya ce in bai ci ba maganin zai fi ƙarfinsa.

A gadon kusa da shi akwai wani dattijo ma'aikacin jirgin ƙasa, muna kiransa Ammu Hasan. 'Ya'yansa sun kawo masa wasu mujallu na hotuna, irin waɗanda ake bugawa a Bairut da Masar, labari ne a zane cikin ɗakuna ɗakuna, maganar mutane na fita daga bakinsu da Larabci. Shi ba ya karantawa, fifita yake yi da su. Wata rana da rana ya miƙa wa Yunusa guda uku ya ce, "Karɓi, ɗana, ko ka kori ƙuda."

Na dawo daga wanki na tarar da Yunusa a zaune, ya jingina da bango. Rabon da in ga ya zauna da kansa tun gida. Na miƙa masa kunu ya karɓa bai duba ba, ya shanye idonsa na kan takarda. Labarin wani mutum ne da ya rasa hannu a hatsari aka ƙera masa na tagulla, yana rufe fuska yana tare mugaye. Ni na sa masa suna Mai Hannun Tagulla. Da ya kai ƙarshen ta ukun sai ya jefar da ita a kan gado.

"Sun yanke," in ji shi. "An ɗaure shi a ƙarƙashin gada, ruwa na hawa, sai suka ce a nemi ta gaba."

"To mi za a yi?"

"Akwai masu sayarwa a kasuwa, Inna."

Haka na shiga harkar da ban san kanta ba. Kantin yana kusa da tasha, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tawada, maza zalla, ni da mayafina mai ƙaurin hayaƙi. Mai kantin ya dube ni ya ce ba ya sayen gyaɗa. Na ce littafin hotuna nake so. Ya nuna mini tuli uku. Akwai 'yan siraran mujallu ɗai ɗai, masu arha. Akwai manya masu kaurin bango da ya kira mujalladi, inda aka haɗa da yawa wuri guda. Akwai kuma wasu masu bangon kwali da aka ɗinke da zare. Ni da ban san alif ba a irin wannan rubutu, na zaɓi wanda ya fi kyan bango, wani ƙato mai faɗin ƙirji yana ɗauke da dutse a kai, harsasai na faɗuwa daga jikinsa kamar tsakuwa. Na ce wannan zai ba ɗana ƙarfi.

Yunusa ya buɗe ya juya shafi kaɗan ya ajiye.

"Wanga ba abin da ke samunsa, Inna. Wuta ba ta ƙona shi, ƙarfe ba ya huda shi. Mi ya sani? Tun shafin farko na san shi zai ci."

"Shi wancan fa?"

"Shi ana ji masa ciwo. Akwai inda ya kwanta har mako biyu, hannun na yi masa zogi."

Sai ya zaunar da ni ya koya mini. Ya ce kada in sayi siraran, don kowacce a tsakiya take tsayawa. Ya zana mini kalmomi biyu a bayan takardar magani, ya ce in buɗe shafin ƙarshe in dubi kusurwar ƙasa: in na ga wannan mai ɗigo a sama, labari ya ƙare, in na ga waccan mai jela, akwai saura, in ajiye. Ya nuna mini yadda lamba take a gadon bayan littafi. Ya ce in duba hannun tagullar, in mai zanen ya yi masa ƙusoshi a gwiwar hannu to shi ne mai zanen kirki, don akwai wani da ke zana shi sumul kamar cokali, labaransa ba su da daɗi. Ammu Hasan ya sa baki ya ce ai a fara daga lamba ɗaya a bi a hankali, haka ake karatu. Yunusa ya dube shi ya ce, "Ammu, ban san ko ina da lokacin farawa daga ɗaya ba. Wanda ke ƙarewa nake so."

Na fita waje na zauna bayan bishiya har fuskata ta bushe, sannan na tafi kasuwa.

Mai kantin ya ga na dawo ya gane ya samu ciniki. Ya ɗauko ɗaya daga masu bangon kwali, ya buɗe mini shafin ƙarshe da kansa, ga kalmar mai ɗigo, ga hannu da ƙusoshi. Ya rantse cikakke ne. Na biya da kuɗin da na ware na madara. Kafin la'asar Yunusa ya gano: mutumin tsofaffin mujallu ya tattara, ya ɗinke su yadda suka zo hannunsa, farkon wannan da tsakiyar wancan, ya liƙa ƙarshen wani labari dabam a baya. Yaron bai yi kuka ba, ya dai ture kwanon abinci.

Na koma a ranar. Na ajiye littafin a kan teburinsa a gaban masu saye.

"Ka ga ban iya karatu ba shi ya sa."

"Ya hajja, abin da aka saya ba a mayarwa."

"Ɗana yana kwance da kala'azar. Wannan ne kawai ke sa shi cin abinci. Ka dubi idona ka sake rantsuwar da ka yi ɗazu."

Bai dubi idona ba. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ce masa ya ji tsoron Allah. Ya shiga ciki yana gunaguni ya fito da na gaskiya guda biyu masu bin juna, bugun kamfani, bangonsu mai sheƙi. Ya ce labarin gadar a na farkon ya soma, a na biyun ya ƙare. Ban yarda da bakinsa ba. Na zauna a ƙasa a ƙofar kantin na buɗe kowanne, na gwada kalmar da ta takardar magani, na dubi lambobi, na ƙirga ƙusoshi. Na farkon yana da jela, na biyun yana da ɗigo. Na ƙara masa abin da ya rage a bakin zanina na ɗauki duka biyun.

Mako na biyu da na uku na allurar su ne masu sauƙi. Yunusa ya yi wa kansa doka, ba zai buɗe littafi ba sai an yi masa allura ya kuma ci abinci, kuma ba zai wuce babi ɗaya a rana ba don kada ya ƙare da wuri. Yana karantawa yana fassara mini da Hausa, Ammu Hasan yana gyara masa Larabci, har majinyatan da ke nesa suna cewa ya ɗaga murya. Masassara ta fara tsallake rana. Ƙunar ta fara bushewa daga gefe. A cikin makonnin nan ne maganin ya yanke a asibiti, aka ce sai an kawo daga Khartum, amma na ga tamarjin nan na ƙofa yana kai wa wani ɗan kasuwa a ɗakin gefe. Likita ne ya ji, ya yi faɗa, aka samo wa yaran ambar. Shi ina yi masa addu'a har yau. Tamarjin kuwa na bar shi da Allah, kuma ba da daɗin rai na bar shi ba.

Yunusa ya gama na farko ya shiga na biyu, saura babi kaɗan, sai ga Malam Jibo. Ya zo da buhun dawa da kwalbar rubutu. Na ji daɗin ganinsa da farko, ba zan ɓoye ba, na ɗauka ya sauko. Na je ɗebo masa ruwa. Kafin in dawo ya ga littafin a kan ƙirjin yaron. Ammu Hasan ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce Malam Jibo ya ɗauka ya juya, ya ce hotunan mutane ne da aljanu, mala'ikun rahama ba sa shiga inda suke, shi ya sa ciwon ya ƙi tafiya. Yunusa ya riƙe gefen bangon yana cewa, "Baffa, saura kaɗan, bari in gama," shi kuwa ya fizge ya fita.

Na same shi a ƙarƙashin nim, a gaban murhuna. Ya cusa littafin ƙarƙashin tukunyar kunun yaron, yana tura shi da itace. Na sa hannu cikin wutar na jawo, abin da ya fito bango ne da baƙin toka.

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar na kira.

"Jibo. Ka kai shi inda ƙwaro ya cije shi. Ka hana a kawo shi. Ka sa an ƙona masa ciki. Yanzu abu guda da ya tashe shi zaune ka ƙona. Mi ya rage a jikin yaron nan da ba ka sa wa wuta ba?"

"Kulu, ni kike faɗa wa haka a gaban mutane?"

"Ɗauki dawarka. Ba za mu ci ba."

Ya ce in na koma hilla sai an zauna a kaina. Na ce a zauna. Ya bar buhun ya tafi. Na raba dawar ga matan da ke wurin, ko ƙwaya ban dafa ba.

Kwana biyu bayan haka tari ya kama Yunusa, ƙirjinsa ya cushe, masassara ta dawo da ƙarfi. Ban ce ƙona littafi ne ya kawo tarin ba. Likita ya ce masu wannan ciwo haka huhunsu ke kamuwa, ya ƙara masa wata allura. Amma na san yaron da ya shiga tarin ba shi da abin jira gobe. Ya sake juya wa bango fuska. Na koma kantin, mai shi ya ce wallahi wancan ne na ƙarshe, kuma wannan karon na ga gaskiya yake faɗi. Na zaga duk inda ake shimfiɗa littattafai a garin ina nuna bangon da ya ƙone. Wasu suka yi dariya. Babu.

An riga an sallami Ammu Hasan, amma ya dawo dubiya da sandarsa. Da ya ji, ya karɓi bangon ya ba wani abokinsa mai duba tikiti a jirgin Khartum. Muka jira fiye da mako, ni ina ɗura wa Yunusa kunu da cokali yana dawowa da rabi. Ranar da saƙon ya zo na kai masa da gudu. Ya buɗe, ya duba lamba, ya duba hannun. Ba shi ba ne. Na gaba da shi ne, kuma mai zanen sumul ne ya yi shi. Mai Hannun Tagulla yana tsaye lafiya lau a shafin farko, yana wata sabga dabam, ba wanda ya ce ga yadda ya fita daga hannun waɗanda suka kama shi.

Na ɗauka zai karaya. Sai na ga fuskarsa ta ɗaure irin yadda ta ubansa ke yi.

"Ya fita ke nan," in ji shi. "Amma ta yaya? Ba za su faɗa ba?" Ya yi tari ya huta. "Ba ni kunun nan, Inna. In na tashi da ƙafata zan je Khartum ɗin in nemo."

Da fushi ya sha, da fushi ya ci gaba da sha. Ya karanta sabon littafin yana zagin mai zanen shafi bayan shafi. Tarin ya sauka, aka ƙarasa allurai, cikin ya sace har ana ganin haƙarƙari biyu daidai. Likita ya danna hagunsa ya ce saifa ta koma, mu tafi, in masassara ta dawo mu dawo a ranar ba tare da neman izinin kowa ba. Ya faɗi wannan yana kallona.

Ban koma gidan Malam Jibo ba, wurin ƙanwata na sauka, daga baya na yi ɗakina. Labari ya iso ni cewa yana faɗa a masallaci lalas ɗinsa ne ya yi aiki a hankali, asibiti ta zo ta tarar da sauƙi. A shekarar an ƙona cikin yara biyu a hillarmu da shawararsa. Ɗaya ya mutu. Na je gidan uwar ɗayan na ja ta har bakin lori. Shi ya sa nake wannan magana, kuma shi ya sa ba na sassautawa.

Yunusa ya rayu, ya zama malamin makaranta, ya haifi wadda ke rubuta wannan. Ya je Khartum ba sau ɗaya ba, ya tara mujalladai har akwati, amma wancan bai taɓa samunsa ba. Ba ya cire riga a gaban mutane, ko a bakin kogi.

Shekaru da yawa bayan haka Malam Jibo ya kwanta ciwon ajali, ya aiko a kira ni. Na je. Ya tsufa ya ƙanƙance, 'ya'yansa na zagaye da shi. Ya ce, "Kulu, ki yafe mini. Alheri na nufa."

Na ce, "Na sani, Yaya. Abin da ka yi mini ni na yafe. Amma fatar ba tawa ba ce. Ga mai ita can a zaure, ka aika a kira shi."

Ya rufe ido. Matarsa ta sunkuya ta tambaye shi ko a kira Yunusa. Ya girgiza kai.